Rumfar Injin Huɗa

Litinin, da hantsi

Wannan littafi na awon rumfa ne, ba na surutu ba. Zan kafa rumfa a jikin bangon ɗakin kwananmu ta baya, in saka injin huɗa da injin ban ruwa da famfon feshi kafin damina ta faɗi. Bara a ƙarƙashin tampol suka sha ruwa, injin huɗa ya yi tsatsa har sai da bakanike ya warware cikinsa. Bana ba za a sake ba.

Kayan aiki: dirka huɗu a gaba, katako mai kauri da zai kwanta a jikin bango, siraran katako da kwano zai hau, kwano, ƙusa, siminti kaɗan, baƙin mai saboda gara. Dole bayan rumfa ya fi gabanta tsawo da taƙi guda, don ruwa ya gangara waje. Aikin ke nan gaba ɗaya.

Maƙwabcina kafinta ne. Ya leƙo ta katanga ya ce in bar masa, kwana biyu ya gama. Na ce na gode, hannuna bai mutu ba tukuna. Matata, wadda nake kira Alƙaliya don ba abin da ke wucewa a gidan nan ba ta yanke masa hukunci ba, ta ce, “Malam, yaushe ka zama kafinta ban sani ba?” Na ce mata yau da safe.

Talata, bayan azahar

Na haƙa rami biyu. Ƙasar ta bushe ƙamas, diga sai tsalle take.

Tunda ba mai buɗe littafin nan sai ni, bari in rubuta sau ɗaya in huta. Makon jiya da na ce wa Alƙaliya na shiga gari sayen bel ɗin inji, asibitin ido na je. Idon hagu ya tafi, wannan na sani tun kafin in je. Na dama ne likita ya daɗe yana haskawa. Ya ce abin da ya cinye wancan ya fara cin wannan daga gefe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Aikin tiyata ne kaɗai zai iya tsare ragowar, shi ma bai yi min alkawari ba. Ya ce kada in wuce wata guda. Na ce masa ina da rumfa da zan kafa tukuna. Ya cire tabarau ya dube ni kamar na zage shi.

Ya ba ni maganin ɗigawa. Yana cikin akwatin ƙusa.

Laraba, da yamma

Rami na uku ya fita daga layi. Na cike shi.

Alhamis, da hantsi

Na ja zare daga fegi zuwa fegi don ramukan su miƙe. Matsalar ita ce in na kalli wannan fegin, wancan ya ɓace. Kamar mai leƙe ta cikin bututu nake gani, abin da ke gabana tar, gefe kuwa babu komai. Ba duhu ba ne ma, babu ne kawai.

Da zan shiga shan ruwa na yi ƙwallo da bokitin wankin Alƙaliya, ruwa ya malale tsakar gida. Ta ce, “Haba Malam, ina idonka?” Magana ce da take yi wa kowa, har akuya ta sha yi wa. Amma wallahi yau maganar ta soke ni. Na yi ta maza na ce wa ya ce ta ajiye bokiti a kan hanya. Ta ce shekara nawa nan ne wurinsa.

Gaskiyarta.

Juma'a, bayan la'asar

Ban taɓa komai ba yau. Baba nake ta tunawa. Shi ma daga gefe abin ya fara masa. Mutumin da ke riƙe garma tun asuba har rana ta take, ya ƙare a kan kujera a gindin bango, yana juya kai duk inda ya ji motsi yana tambayar wane ne. Ni nake riƙe masa sanda in kai shi bayan gida. Har yau tafin hannuna bai manta santsin sandar nan ba.

Ina tsoro. Na rubuta, to, sai me?

Littafin awo ne wannan.

Asabar, da azahar

Dirkoki huɗu sun tsaya. Na shafe gindinsu da baƙin mai, na zuba siminti, na tokare su da katako. Hannuna ya fi idona sanin aikin nan, in na rungumi dirka ina jin inda ta karkata.

Na aro tiyon awo wurin Kafinta. Siririn tiyo ne da ake ganin cikinsa, a cika shi da ruwa, a ɗaga bakinsa ɗaya a bango ɗaya a jikin dirka. Inda ruwan ya tsaya a nan da inda ya tsaya a can, tsayinsu ɗaya. Da zai miƙo min ya ce, “Maƙwabci, wannan fa aikin mutum biyu ne. Ɗaya nan, ɗaya can, kuna kira wa juna. Bari in ajiye zarto in zo.” Na ce ya yi zamansa, zan ɗaure baki ɗaya a ƙusa.

Ya za a yi in bari ya zo? Zai tsaya can ya ce, “Ka ga ruwan?” Ni kuwa farin ruwa a cikin farin tiyo, na manna fuska har hancina ya taɓa, ban ga komai ba.

Lahadi, da safe

Na samu dabara. Na ɗebi bular wankin Alƙaliya na zuba a ruwan tiyo, ya zama shuɗi shar. Yanzu ina gani. Na yi alama a bango, na yi a dirkoki huɗu, na sauko taƙi guda daga kowace alama na yanke da zarto.

Tana can tana faɗa wai aljanun gidan nan sun fara wanki, sun cinye mata bula. Na ce ta yi musu addu'a. Rabona da dariya irin ta yau na manta.

Talata, bayan azahar

Ina durƙushe ina yanka siraran katako, na gama ɗaya na ɗauki na biyu, na gama shi ma, ƙishirwa ta kama ni. Na ɗaga murya na ce, “Alƙaliya! Ba za a ba mutum ruwa ba a gidan nan?”

Sai na ji muryarta dab da kunnena na hagu. “Ga shi, Malam.”

Na zabura har zarto ya faɗi. Na ce tun yaushe take nan. Ta ce yanzu ta zo. Na karɓi kofin, ruwan ya riga ya huce, sanyin randa duk ya fita daga cikinsa. Na sha na miƙa mata, ta juya ba ta ce komai ba. Alƙaliya fa, wadda ko kaza ta yi kuka ba daidai ba sai ta tanka.

Na sha jinin jikina.

Laraba, da yamma

An kira daga asibiti. Na ce ba na ji sosai, na kashe wayar.

Alhamis, da hantsi

Katako ya hau. Kafinta ya leƙo ta katanga, ya daɗe yana kallo, ya ce, “Maƙwabci, kada ka ji haushi. Kamar gaban rumfar ya fi bayanta tsawo.” Na ce na auna da tiyonsa, in akwai ƙarya tiyonsa ne maƙaryaci. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ya sauka.

Da ya tafi na ja baya har bakin rijiya don in duba da kaina. Na ga bango. Na juya kai na ga dirka. Na kasa haɗa su a kallo ɗaya. Na matsa baya, na ƙara matsawa, har dugadugaina suka taɓa bakin rijiyar. Nan na zauna a ƙasa. Makon jiya daga nan ina ganin fiye da haka, na tabbata.

Na auna. Na auna da tiyo. Ruwa ba ya ƙarya.

Asabar, bayan la'asar

Kwano ya hau, saura biyu. A sama ba a ganin katakon da ke ƙarƙashi, sai dai ka bi layin ƙusar da ka fara. Ni layin ne ba na iya bi. In buga, in ji ƙusa ta wuce fuu ba ta kama komai ba, in zare, in matsa, in sake. Ban san iya hujin da na yi wa kwanon nan ba. Babban yatsana ya sha guduma har ya yi baƙi.

Da na sauko na tarar Alƙaliya ta ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki har jikin dirkar farko. Na yi karo da ita a ciki. Na ce mece ce wannan kuma? Ta ce igiyar shanya. Na ce wa ke shanya a tsayin ƙugu, zannuwa su ja ƙasa? Ta ce kafaɗarta ke ciwo, ba ta son ɗaga hannu. Na ce ta kwance. Ta ce to.

Ba ta kwance ba.

Lahadi, da safe

Saura kwano biyu, aikin rabin yini. Na zauna ina gyara ƙusoshin da suka lanƙwashe. In na gama rumfar nan, ba ni da sauran abin da zan ce wa likita.

Litinin, da azahar

Hadari ya haɗo ta gabas. Na buga kwano biyun da sauri, na turo injin huɗa ciki, na jawo injin ban ruwa, na rataye famfon feshi. An gama.

Ya kamata in ji daɗi.

Litinin, bayan magariba

Ruwan farko ya sauka da la'asar. Ina tsaye cikin rumfa ina jiran in ji yana zuba ta gaba. Gaba shiru. Duk ruwan da ya sauka a kwanon nan baya ya nufa, ya taru a jikin bango, ya bi bango shaa kamar an buɗe famfo, ya samu tagar ɗakinmu ya shige. Na ji Alƙaliya tana salati a ciki. Na ruga, kuma wallahi igiyar nan na kama na bi, ban ma san na kama ba.

Katifa ta jiƙe sharkaf. Muka ja gado tsakiyar ɗaki, muka tara robobi. Na fara faɗa, ina zagin tiyo, ina zagin Kafinta, ina zagin wanda ya sayar min da kwano. Ta bar ni na gama. Sannan ta kunce bakin zaninta ta fito da ’yar kwalbar maganin nan ta ajiye a tafin hannuna.

“Na je neman ƙusar da zan ɗaura igiya,” ta ce. “Amma tun kafin nan na sani. Ran Talata katako biyu ka yanke ina tsaye kusa da kai, har inuwata tana kan hannunka.”

Na kalli kwalbar a hannuna. Ta matso kusa da ni.

“Me likitan ya ce?”

Na gaya mata duka. Ta tambayi saura kwana nawa a watan da ya ba ni. Na ce ya kusa. Sai ta zauna a bakin jiƙaƙƙen gadon ta fashe da kuka, irin kukan da ban ji ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta. Na ce mata tsoro nake ji. In an yi aikin bai yi ba, ɗan abin da nake gani ma ya tafi, in koma gindin bango kamar Baba ina tambayar wane ne.

Ta share fuska ta ce, “Baba bai samu likita ba, Malam. Kai ka samu kana gudu. Kullum idon nan raguwa yake kana can kana buga ƙusa a iska. In gindin bangon ne ma ai ba kai kaɗai za ka zauna ba, ni ina zan je?”

Na ce rumfar fa, haka za a bar ta tana zuba mana ruwa a gado? Ta ce gobe za a gyara rumfa, jibi asibiti, kuma ba shawara take ba ni ba.

Talata, da yamma

Ita ta je ta kira Kafinta. Ban san me ta gaya masa ba, bai yi min tambaya ko ɗaya ba, bai kuma ce ai ya faɗa ba. Allah ya saka masa.

Shi ya gano abin da ya faru. Ya ɗaga tiyon ya ce bula ta rina cikinsa. Lokacin da nake jan sa daga dirka zuwa dirka ruwan ya yi ta hawa yana sauka, ya bar shuɗi can sama da inda ya tsaya. Ni kuwa inda shuɗin ya ƙare nake yi wa alama. Ya ce, “Tiyona ya zama na ’yan gayu,” muka yi dariyar dole.

Muka cire kwano. Aka wanke tiyo aka zuba farin ruwa, shi a bango, Alƙaliya a dirka, suna kira wa juna. “Sama kaɗan!” “Ya tsaya?” “Ya tsaya!” Ta ɗora yatsana a kan alama, ni na yanke. Zarto dai ban ba kowa ba. Yanzu gaban rumfar ya yi ƙasa, duk mai shiga sai ya rusuna. Ta ce ya yi daidai, dama akwai masu buƙatar koyon rusunawa a gidan nan.

Da aka mayar da kwano ta shiga ciki ta ɗaga kai ta ce, “Innalillahi! Malam, wannan rumfa ce ko rariya?” Ta ɗauki kara tana zungurar duk hujin da haske ke shigowa, ni ina sama ina laluben inda ya motsa ina liƙewa da kwalta. Muka yi ta yi har ta ce ba ta ganin sauran haske.

Laraba, bayan azahar

Mun je. Likita ya haska, ya ce na yi asarar wani abu a makonnin nan. Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi min sauƙi. Alƙaliya ce ta yi ta yi masa tambayoyi kamar ita za ta yi aikin. Ya ba mu Asabar.

Alhamis, da hantsi

Ta tafi kasuwa. Na tsaya a ƙofar ɗaki na rufe ido, na kama igiya. Na bi ta a hankali har hannuna ya taɓa dirka, na rusuna na shiga. Ga hannun injin huɗa, ga tankinsa, ga igiyar tayarwa. Injin ban ruwa a dama. Na buɗe ido na buga ƙusoshi a katakon bango, na rataye fartanya da lauje da sifana, kowanne da wurinsa. Na sake rufe ido na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kiran sunansu. Ban ɓata ko ɗaya ba.

A kusurwar hagu akwai fili da ya rage, daidai zaman kujera guda. Na daɗe a tsaye a wurin. Na je na kwaso tsofaffin tayoyi da buhunan taki na cika shi taf.

Juma'a, da yamma

Na zagaya gona. Na kalli komai, har ciyawa. Na dawo na zauna ina kallon Alƙaliya tana tsintar tsakuwa a tiren shinkafa, fuskarta kaɗai ke shiga bututun nawa. Ta ce kallon na mene ne kamar ban santa ba. Na ce furfurarta nake ƙirgawa. Ta jefe ni da tsakuwa.

Asabar, da sassafe

Kafinta ya kawo mota. Allah, ko rabin abin da nake gani yanzu ne, ka bar min.

Litinin, bayan la'asar

Ni ce matarsa nake rubutu, shi yana faɗa. An yi aikin, mun dawo gida, idon yana naɗe. Sai Laraba za a kwance a ga abin da Allah ya yi. Likita bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba.

Ya ce in rubuta: an yi ruwa mai ƙarfi yau da azahar. Yana kwance ya kasa kunne, ya ji ruwan yana zuba ta gaban rumfa, bango shiru. Ya ce in rubuta gangara ta yi daidai. Da ruwa ya ɗauke ya matsa sai ya je, ya ƙi in riƙe shi, ya bi igiya da kansa, ya rusuna ya shiga, ya shafa injin huɗa tun daga hannu har tanki ya ji shi a bushe. Ya ce in rubuta a bushe, in ja layi a ƙarƙashi. Na ja.

Ya ce in rufe littafi haka nan, kada in karanta na baya, kada in ƙara komai nawa.

Na karanta na baya. Ruwan nan da ka ce ya huce, hannuna ne ya ɗumama shi, don na kasa motsi.

Kuma Malam, akwai huji ɗaya da ya tsere mana, daidai kan tankin injin. Yana ɗiga. Ina jin hadari na riga ka fita na rufe da leda, ruwa na ɗaukewa na cire na goge da zanina kafin ka iso. Ban gaya maka ba, ba kuma zan gaya maka ba. Ga shi nan na rubuta da manyan baƙaƙe. Ran Laraba ka buɗe littafinka ka gani da kanka, ka ƙwala min kira, ka yi min faɗa har maƙwabta su ji.

Allah ya sa ka yi faɗan nan.